Fuskar da Ta Maƙale a Kwamfutar Abdulrashid

Duk Gidan Ɗorawa an san Abdulrashid da abu biyu, rashin magana da kwamfuta. Rashin maganar gado ne, haka ubansa ya yi har ya koma ga Allah. Kwamfutar kuwa daga Rijiyar Zaki ya ɗauko ta a bayan babur, an naɗe ta da bargo kamar mara lafiya, bayan ya gama koyon haɗa bidiyon biki a shagon abokinsa Kamilu. Ba irin ta ɗorawa a cinya ba ce. Baƙin akwati ne mai fanka a ciki, allonsa daban. Ya kafa farantin sola a kan rufin kwano, ya zama in an yi aure ko suna a ƙauyukan Kunci shi ake kawo wa hoto ya yanka, ya jera, ya sa kiɗa, ya cire wurin da uwar amarya take lasar yatsa.

Matarsa Ramlat ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Kanyar Malam, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Ta sauka lafiya, mace. Aka sa wa yarinya Aishatu, sunan mahaifiyarsa mai rasuwa. To kun ga an haɗa masa kunya biyu a faifai ɗaya. Ga 'yar fari, wadda namiji mai kara ba ya ɗauka a gaban mutane, ba ya tambayar lafiyarta. Ga kuma sunan uwa, wanda bakinsa ba zai iya furtawa ba. Mata suna ce mata Ummi. Shi ko Ummin ba ya faɗa. In ta kama dole, sai ya ce "mutanen can".

Ranar suna a ƙofar gidan surukai ya wuni a kan tabarma, yana amsa barka kai a ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Da aka fito da jaririyar wajen wanzami, sai ya ƙura wa babban yatsan ƙafarsa ido har aka mayar da ita. Abin da ya gani bai wuce 'yar ƙafa ɗaya ba, jajir, ta leƙo daga cikin zani.

Amma shiru-shiru ba ya rasa dabara. Ashe ya aro babbar kyamarar Kamilu, wai zai gwada ta, ya damƙa wa ƙanwarsa Khaulat ta shiga da ita cikin mata. Da yamma ya juye abin da ta ɗauka a kwamfuta. Washegari Kamilu ya aiko aka karɓi kyamara, Khaulat ta koma gidan mijinta a Ungogo, gari ya watse.

Sai gida ya rage shi kaɗai. Ɗaki biyu, tsakar gida, da murhun da ya yi sanyi har kaza ta samu wurin yin ƙwai a ciki. Wayar Ramlat 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar hoto. Ko da tana ɗauka, wace mai jegon fari ce za ta ɗaga waya a kan 'yarta uwarta na zaune? In ya kira ta su gaisa, ya tambayi lafiyar Baba, da ta Inna, da ta awaki, ya yi shiru. Ita ma ta yi shiru. Su yi ta sauraron numfashin juna har sabis ya ɗauke. Kuma labari ya zo cewa ba arba'in kawai za ta yi ba, uwarta ta ce sai damina ta sauka yarinya ta yi ƙwari.

Tuwo kuwa ta kan danga yake zuwa, daga hannun Gwaggo Hure, ƙanwar ubansa, wadda ɗakinta yake jingine da bayan nasa.

Kullum in hantsi ya ɗaga sola ta kawo wuta, sai ya sakaya ƙofa ya kunna bidiyon sunan. A nan matsalar take. Hoton babbar kyamara nauyi gare shi, kwamfutar kuma ta kwana biyu a duniya. Mata suna rawa a allo suna tsalle-tsalle kamar kwaɗi, a ga mace a bakin rijiya, ƙiftawar ido a gan ta a gindin turmi. Wannan bai dame shi ba. Inda ya dame shi wuri ɗaya ne. Khaulat ta shiga ɗakin mai jego, hannu ya miƙo ya kama bakin zanin da aka rufe jaririya, ya fara ɗagawa, sai hoto ya tsaya cak a kan zanin. Murya kuwa ba ta tsayawa. Sai a ji 'yar atishawa, tsit, mata su kwashe da dariya, a ji Gwaggo Hure ta ce, "Kai jama'a, hancin ubanta sak!" Kafin hoto ya farfaɗo an wuce wurin, sai bakin Gwaggo ya cika allo yana taunar goro.

Ya gwada tsayar da hoton da kansa, yana matsar da shi kaɗan-kaɗan. Hannun Khaulat rawa yake yi, duk inda ya tsaya sai dishi-dishi, kamar fuska a cikin ruwan da aka jefa wa tsakuwa. Sai hoton yana tafiya daidai ido zai iya haɗa ta. An ce hancinsa ne, shi bai gani ba.

To akwai wani wuri da Kamilu ya taɓa nuna masa. In kwamfuta tana farkawa, kafin ta gama buɗe ido, ana danna wani madanni sai wani shuɗin shafi ya fito cike da lambobi. A cikinsu akwai masu faɗa wa furosesa, wato abin da yake yi mata tunani, irin gudun da zai yi. Ranar Kamilu har da ɗaga yatsa: "Nan ba wurin wasa ba ne. Taka tsohuwa ce, fankarta ta talaka. Kar ka taɓa."

Ya taɓa. Ya ƙara lambar kaɗan, ya adana, ta tashi lafiya. Da aka zo wurin zani hoto ya ɗan motsa gaba, ya ga goshi da gefen kunne kafin ya tsaya. Ya koma ya ƙara, ya ƙara mata da wuta kamar yadda ya ga ana yi. Wannan karon har gira ya gani. Bazara ce, rana ta take tsaka, kwano yana ƙas-ƙas don zafi, fanka tana kuka kamar injin markaɗe. Mai hankali da nan ya tsaya. Amma tsakanin gira da hanci ai ba nisa. Ya koma shuɗin shafi ya ɗaga lambar da kyau, ya ce bismillahi, ya adana.

Allo ya yi baƙi. Fanka ta yi ruri, ta mutu, ta sake ruri, ta sake mutuwa. Ba rubutu, ba 'yar ƙarar nan da take yi in za ta tashi. Ya danna madannin shuɗin shafi har yatsansa ya yi zafi, don ya mayar da lambar inda take. Ina! Ƙofar da zai bi ya gyara ɓarnar ita ce ta rufe.

Ba abin da bai yi ba a kwanakin da suka biyo. Ya canza wayar allo. Ya ɗauki allon ya kai shagon mai cajin waya aka jona, lafiyarsa ƙalau. Ya kwance akwatin ya hure ƙura, ya zare ram, wato ɗan katin ƙwaƙwalwarta, ya goge bakinsa da kilinar goge fensir ya mayar. Da ya taɓa ƙarfen da ke kan furosesa ya ji zafi, sai ya yi abin da uwarsa take yi wa nono da rani: ya share gindin randa, ya yayyafa wa yashin ruwa, ya ɗora akwatin a kan bulo a wurin ya wuni yana shan sanyi. Da ya jona, fanka ta yi ruri, ta mutu.

A nan Gwaggo Hure ta same shi, ta zagayo da kwanon tuwo da kanta maimakon ta miƙo ta danga.

"Ikon Allah. Ita ma jego take yi ka kwantar da ita gindin randa?"

"Zafi ta ɗauka, Gwaggo."

"Ko dai kaya ka yi mata? Jaki ma in aka cika masa mangala durƙushewa yake yi, ka kashe shi da duka ba zai tashi ba." Ta ajiye kwano, ta leƙa cikin akwatin kamar ta san abin da take nema. "Ni dai kwana biyu ban ji kaina ina magana a ɗakin nan ba. Da kullum da hantsi sai in ji ni ta bango, ina ta faɗar magana ɗaya kamar aku. Har na fara gajiya da muryata."

Abdulrashid ya sunkuya yana neman wani ɗan kusa da bai faɗi ba.

"Aikin mutane ne a ciki," ya ce.

"Na sani mana. Aikin mutane. Mutanen can." Ta gyara mayafi. "Ci tuwonka, ka rame kamar kai ka haihu."

Kiran Kamilu ne ba ya so, don ya san bakinsa. Da abin ya ci tura, ya hau tudun bayan makaranta inda sabis yake kamawa.

"Angon ƙarni! Ya mai jego, ya 'yar baba?"

"Kwamfuta ce ta ƙi tashi."

"Fanka na juyawa?"

"Tana yi tana tsayawa."

"Allo baƙi, ba ƙara?" Kamilu ya fashe da dariya. "Obakulok ka yi, ka ƙara mata gudun da ya fi ƙarfinta! Wallahi ka shiga inda na hana ka. Kai da ko babur ba ka wuce giya uku, me kake sauri?"

"Aiki ne ya yi nauyi."

"To ji nan. Zare ta daga wuta gaba ɗaya. Ka duba kan babban allon da ke cikin akwatin, akwai wani ɗan batir fari, zagayayye kamar sulai. Ɓamɓaro shi a hankali, ka danne madannin kunnawa na ɗan lokaci, ka bar ta ta huta, ka mayar. Duk lambobin da ka cusa mata za ta manta, ta koma yadda aka haife ta. In ba ka ƙona furosesan ba, za ta tashi."

"Abin da ke ciki fa?"

"Fayil ba a nan yake zama ba, yana had dis, rumbun ajiyarta. Yawanci ba abin da ke samunsa. Amma ka yi ta kunna ta tana mutuwa, ban yi maka rantsuwa ba. Me ke ciki haka?"

Abdulrashid ya dubi gonaki. An share su tas, tsibin taki a jere, kowace gona ta manne da 'yar'uwarta har inda ido ya tsaya. Can bayan kukoki Kanyar Malam take.

"Katin kyamarar nan da na ara," ya ce, "yana nan da abin da aka ɗauka?"

"Wanne? Ai tuni na goge, biki nawa na yi da shi tun lokacin. Kai, tsaya. Ba dai bidiyon..."

Ya kashe wayar.

Ya dawo ya buɗe akwatin, ga ɗan batir nan yana ƙyalli inda aka ce. Ya sa bakin wuƙa, sai ya janye. Muddin bai cire ba, yarinyar tana ciki, a rufe da zaninta, tana jira. In ya cire ta tashi ya tarar babu fa? Ya mayar da murfi. Haka ya yi ta yi. Da safe ya tafi gona ya watsa taki, da hantsi ya dawo ya zauna gaban baƙin allo, ba abin da yake gani a ciki sai fuskarsa. Har ya kan tsura wa hancinsa ido, yana ƙoƙarin rage shi a zuci ya ga yadda zai yi a fuskar jariri. Masu kawo aiki suka zo ya ce su dawo. Gari ya ɗauka asarar na'ura ce take cinsa, ana ta yi masa jaje a masallaci, yana amsawa.

Wata safiya Gwaggo Hure ta leƙo ta danga ba kwano a hannu.

"An aiko daga Kanyar Malam, itacen wanka ya ƙare."

Itacen wankan jego a wuyan miji yake, kowa ya sani, kuma a ƙasarmu da kowace bishiya da mai ita ba a shiga daji a saro. Shi kuwa tun kafin suna ya aika da amalanke guda.

"Har ya ƙare?"

"Au, ƙirga musu kake yi? Ruwan sanyi kake so 'yar mutane ta yi wanka da shi? Hau darbejiyar ubanka ka sassabo, ka haɗa da ganyen. Mai amalanke ya tafi ɗiban taki, da kanka za ka kai. Ka tafi da hantsi, kar ka yi rana."

Da hantsi kuwa surukinsa Malam Sama'ilu yana gona, wannan ma Gwaggo ta sani.

Ya ɗaure itace a bayan babur ya bi ta tsakanin gonaki. A ƙofar gidan ya sauke, ya lura da tulin itacensa na farko a jingine da katanga, ko rabi ba a ci ba. Ya tuɓe takalmi ya shiga zaure ya tsuguna, ya yi sallama da muryar da ko kaza ba za ta firgita ba.

Wadda ta fito Iya Kulu ce, kakar Ramlat, tsohuwar da ba ta da haƙori sai baki. Tsakaninta da mijin jikarta wasa ne, ba kunya. A kafaɗarta akwai wani ɗan ƙunshi cikin zani.

"Lale da maigidana! Ka tuna da ni ke nan. Itace ka kawo ko tsinken sakace?"

"Ina kwana, Iya. Ya mutanen gida?"

"Mutanen gida suna da sunaye, amma bari in ƙyale ka. Wai, wannan zani zai tona min asiri. Riƙe min kayan nan in ɗaura."

Kafin ya buɗe baki ta dire masa ƙunshin a hannu. Ya sandare. Ya ɗaga kai ya kafa wa azarar zaure ido kamar an aiko shi duba rufi. Iya Kulu ta kwance zani, ta ɗaura, ta ce bai yi ba, ta sake. Daga nan ta ce bari ta ga ko ɗanyen itace ya kawo musu, ta fice ƙofar gida tana jan ƙafa.

Zaure ya yi tsit. Abin da ke hannunsa ba nauyi, amma ɗumi gare shi, kuma yana motsi. Ƙanshin hayaƙi da man kaɗanya ya bugo shi. Ya saukar da ido.

Jan nan ya tafi, ta yi duhu, kalar uwarta. Gashin da wanzami ya aske ya fara tsirowa lallausa. Ga goshin da ya sani, ga girar da ya sani. Ga hancin. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, har ɗan karkacewar da yake da ita ta hagu. Barci take yi, baki a buɗe. Can ta yamutsa fuska, ta buɗe ido ɗaya ta dube shi kamar mai tambayar wa ya aiko shi, ta mayar ta rufe. Ya ɗaga ta kaɗan zuwa kafaɗa yadda ya ga ana yi. Ta yi gyatsa, wani ɗumi ya bi masa wuyan riga.

Daga cikin gida ya ji an yi tari, sau ɗaya. Ya san tarin. Ramlat tana bayan katangar nan, ta san yana nan. Bai kira ta ba, ba ta fito ba.

Iya Kulu ta yi gyaran murya tun daga waje, da ƙarfi, har sau biyu. Ko da ta shigo idonsa yana kan azara.

"Ya ka gani? Gara ta ci rufin namu?"

"Da sauransa, Iya."

"To madalla. Kawo kayana." Ta karɓa, ta dubi kafaɗarsa, ta yi dariyar da ba haƙori. "Ka ga an yi maka tukwicin itace."

Ya iso gida rana ta take. Kaza ta taso daga murhu tana kyarkyara, ba wanda ya yi masa sannu da zuwa sai ita. Bai ko sha ruwa ba. Ya zare wayar wuta daga inbatar sola, ya kwance murfi, ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓaro ɗan batir ya faɗo a tafin hannunsa. Ya danne madanni. Ya ajiye batir a kan faifai ya tafi ya yi alwala ya yi azahar. Da ya idar ya mayar da shi, ya jona wuta.

Fanka ta juya, a hankali wannan karon, ba ruri. Sai ƙit, 'yar ƙarar nan. Farin rubutu ya fito yana cewa ta manta saitinta, a danna a ci gaba. Kwanan watan da ta nuna na wata shekara ce can baya, tun bai san Ramlat ba. Ya gyara mata ranar. Lambobin gudu sun koma inda suke tun asali, ya wuce su bai taɓa ba.

Bidiyon yana nan inda ya ajiye shi.

Ya kunna. Mata suka yi tsallen kwaɗinsu. Khaulat ta shiga ɗaki, hannu ya kama bakin zani, hoto ya tsaya cak kamar yadda ya saba, ko goshin ma babu. Aka yi atishawa, aka yi dariya. "Kai jama'a, hancin ubanta sak!"

"Af!" in ji wata murya ta bayan bango. "Na dawo ke nan?"

Bai rage murya ba. Ya zauna yana kallon zanin da ya tsaya a allo har bakin Gwaggo ya fito da goronsa, ya mayar baya, ya sake.

Da la'asar ta miƙo tuwo ta danga, ta ce in yana da wanki ya bayar a haɗa da nata. Ya tattaro riguna biyu da wando ya miƙa mata. Ta juya su a hannu.

"Ta jikinka da safe fa? Na ga kamar ta ɓaci a kafaɗa."

"Ba ta yi datti ba, Gwaggo."

Ya koma ɗaki. Rigar tana rataye a ƙusa kusa da allo, tumbuɗin ya bushe ya yi fari a wuyanta. Sama ko alamar hadari babu, damina da sauran tafiya. Ya jawo kwano gabansa, ya wanke hannu, ya ci tuwonsa yana fuskantar bango.